Cokali Mai Baki Biyu

Waɗanda suka rubuto mini suna tambayar dalilin da ya sa har yanzu ban ba Erivan amsa ba, ina roƙonku ku ƙara haƙuri. Wata ma ta ce jan aji nake yi. Ba jan aji ba ne. Akwai abin da ya faru wata Asabar, makonni uku da suka wuce, wanda ban faɗa wa kowa a wajen gidanmu ba, kuma na yi wa Allah alkawari cewa muddin zan ci gaba da rubuta muku rayuwata, ba zan tsallake shi ba. Yau zan faɗe shi yadda ya auku, ba tare da na wanke kaina a ciki ba.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: sunana Jucilene, ana ce mini Lene, shekaruna ashirin da bakwai, ina koyar da 'yan aji huɗu a garinmu Areia Branca. Kakata Zulmira ce ta raine ni tun ina shekara shida, lokacin da mahaifina ya rasu. Shekarunta tamanin da ɗaya, arba'in daga ciki ta yi su tana ɗura gishiri a buhu a bakin fadamun da ake shanya ruwan teku. Erivan kuwa likita ne a wani asibiti a Mossoró, tafiyar sa'a ɗaya daga nan, kuma yana bincike a kan abin da ke samun ƙwaƙwalwa idan gishiri ya yi yawa a cikin jini. Rabin aikinsa a kan marasa lafiya yake, rabi a ɗakin gwaji. Tun ranar da Kaka ta ji cewa akwai ɓeraye a ɗakin gwajin, ba ta ƙara kiran sunansa ba. Likitan ɓeraye take ce masa.

Yana so ya aure ni, mu koma birnin Natal inda aka yi masa tayin aiki. Kaka ta ce ba za ta bar gidan da ta haihu a ciki ba sai an fitar da ita a kwance. Ni kuma na ce ba zan bar ta ba. Duk lokacin da ya zo ya rusuna ya ce, “Kaka, a sa mini albarka,” maimakon ta miƙa masa hannu kamar yadda take miƙa mana, sai ta tura masa farantin gyaɗar kashu ta ce ya ci. Goggona Neide, ƙanwar mahaifina, ita ce ke zuwa kowace yamma ta tuna mini cewa likita ba ya jiran malamar firamare har abada. Unguwarmu kaf ta san wannan. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Ranar Asabar ɗin, Kaka ta tashi da zawo. Ba wani mai tsanani ba, sau biyu ta zagaya kafin gari ya gama wayewa, ta ce jatan landen jiya ne. Na dafa mata dambun masara ta ƙi ci, ta kurɓi gahawa kaɗan ta koma cikin ragar kwanciyarta da ke rataye a falo, ƙarƙashin hoton Budurwa Maryamu. Na rubuta wa Erivan. Ya amsa nan take: “Haɗa mata ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya. Ki tabbata ta sha, kin san halinta.”

Babu gida a unguwarmu da ba shi da cokalin nan. Shuɗi ne na roba, mai baki biyu, matan coci ne suka raba shi tun ina ƙarama. Ƙaramin bakin na gishiri ne, sau ɗaya a kowane kofi. Babban bakin na sukari ne, sau biyu. Kuma kowace yarinya ta san dokar ƙarshe: ki ɗanɗana kafin ki ba wa mutum, kada ya fi hawaye gishiri. Ni da kaina nake koya wa ɗalibaina wannan kowace shekara, har da waƙar da na tsara musu.

Na tsiyayo ruwa kofi biyar daga tulun tace ruwa na zuba a jug. Na sauko da robobin nan biyu, na gishiri da na sukari, dukkansu tsofaffin robobin man shafa wa burodi ne masu farin murfi. Ina riƙe da cokalin sai wayata ta sake yin ƙara.

“Takardar Natal ta iso. Suna son amsa kafin ƙarshen wata. Lene, ba zan tambaye ki sau uku ba, don kada tambayar ta koma takura. Wannan ita ce ta biyu.”

Na karanta. Na sake karantawa. Hannuna na dama yana aiki, bakina yana ƙirga babban baki goma, ƙarami biyar, kamar yadda ya saba, idona kuma yana kan wayar. Ba wanda ya sauya wa robobin wuri. Ba wanda ya yi mini magana. Na juya, na rufe jug ɗin, ban ɗanɗana ba.

“Ga shi, Kaka. Erivan ya ce ki shanye duka kafin tsakar rana.”

“Likitan ɓeraye ne ya ce?”

“Shi ya ce.”

Ta kurɓa, ta dube ni ta saman kofin na ɗan lokaci. Na ɗauka tsokana za ta yi. Sai kawai ta ce, “To, Malama. Je ki inda za ki.”

Makon ne ya zagayo kaina na gyaran teburin coci. Na sa doguwar rigata ruwan ƙwai mai wuyan leshin da Kaka ta saƙa mini da hannunta, na ɗaure gashina, na ajiye mata jug da kofi a kan kujera kusa da ragar don kada ta wahala da tashi, na rusuna ta sa mini albarka, na fita. Sa'a huɗu na yi ina guge ƙyallen bagade da jera furanni, ina tsara a zuciyata amsar da zan ba shi.

Da na dawo, na tarar da Goggo Neide a tsugune gaban ragar tana yi wa Kaka fifita da murfin tukunya.

“Ina kika shiga? Tun ɗazu take sambatu, tana kirana da sunan uwarta.”

Leɓen Kaka ya bushe, idanunta sun faɗa, yatsunta suna ta tsinkar bakin ragar. Ta yi amai sau ɗaya a ƙasa. Na ce, “Kaka, ni ce.” Ta dube ni kamar mai kallon bango.

“Jininta ne ya sauka,” in ji Goggo. “Na sa mata gishiri a ƙarƙashin harshe har sau biyu, shiru.”

Haka muke yi a nan. Duk wanda jiri ya ɗauka, gishiri ake sa masa a ƙarƙashin harshe, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba. Ni ma da na riga ta zuwa abin da zan yi ke nan.

Maƙwabcinmu ya fito da motarsa. Ina haɗa jaka, rigunan barcinta biyu, carbinta, katin asibiti, sai na ga jug ɗin da ɗan saura a gindinsa. Na ce bari in juye a gora ko za ta sha a hanya. Wajen juyewa ya zubo mini a bayan hannu, na kai baki na lasa ba tare da tunani ba.

Na taɓa shan ruwan teku sau da yawa ina yarinya. Wannan ya fi shi.

Na buɗe robar gishiri. Rami ne a tsakiyarta, irin wanda babban bakin cokali ke bari idan ya shiga sau goma. Robar sukari kuwa kamar ba a taɓa ta ba. Kofi huɗu ta sha. Ƙishirwa tana ƙaruwa, abin da ke kusa da hannunta kawai take ɗauka, kuma ni na ajiye mata shi.

A bayan mota, kan Kaka yana cinyata, duwatsun gishiri farare suna wucewa ta taga, na raɗa wa Goggo abin da na gano. Muka wuce mahaɗar hanya. Sannan ta kama hannuna ta matse.

“Wa kika faɗa wa?”

“Ke kaɗai.”

“To ya tsaya a nan.”

“Goggo, likitoci za su tambaya.”

“Su tambaya. Tsohuwa ce, zawo take yi, ga zafi, me kuma ake nema? Ruwa za su ɗaura mata ko da me ya kawo ta, ba shi ke nan ba? Saurare ni da kyau, 'yar nan. Garin nan kowa ya san wace ce ta tare miki hanyar Natal. Ki buɗe baki ki ce ke kika ba ta gishiri cokali goma, gobe a kasuwar kifi ba wanda zai ce kuskure ne. Kuma wa za ki faɗa wa? Shi? Mutumin da aikinsa ke nan a duniya, ki ce masa matar da zai aura ba ta iya riƙe cokali ba?”

“Ke ma kin sa mata a harshe.”

“Shi ya sa na ce mu biyu mu yi shiru. Ina son uwata fiye da yadda kike son ta, kada ki dube ni haka.”

Ina so in ce muku na yi mata gardama. Ban yi ba. Maganarta ta shige ni domin ta zo daidai da abin da tsorona yake nema.

Ƙarfe biyu da rabi muka isa. Erivan yana jiranmu a bakin ƙofa cikin farar rigarsa, alƙalami biyu a aljihu, gilashinsa ya zamo kan hanci. Bai gaishe ni da wata kalma ta musamman ba, ya taɓa kafaɗata kawai ya bi gadon da aka ɗora Kaka. Bayan minti arba'in ya fito tare da wata babbar likita mai furfura, Dakta Marluce, wadda ita ce ke da alhakin ɗakin.

“Gishirin jininta ɗari da saba'in da ɗaya,” in ji ta. “Na mai lafiya ba ya wuce ɗari da arba'in da biyar. Erivan zai yi muku tambayoyi, ku amsa masa a tsanake.”

Ya zauna gabanmu da takardar bincikensa a kan allo. Ya ce duk wanda aka kawo da irin wannan lambar ana neman izinin danginsa a rubuta bayaninsa, ba da suna ba. Na sa hannu. Ya fara.

“Yaushe zawon ya fara?”

“Ya kai kwana uku,” in ji Goggo.

Ya ɗago. “Lene ta ce mini yau da safe.”

“Yau ta sani. Wannan da ke makaranta tun safe har yamma me ta sani? Tsohuwar ɓoyewa take yi. Ruwa ma sai an yi faɗa take sha, ka san ta ai, ɗana.”

Ya gyaɗa kai, domin gaskiya ne ya san ta. “Ruwan gishiri da sukarin fa, ta sha?”

Ni ya kalla. Na ce, “Ta sha.”

“An ba ta wani abu dabam? Magani, jiƙo, wani abu mai gishiri?”

“Babu,” in ji Goggo.

Na ga alƙalaminsa ya ja layi a gurbin. Bakina a rufe. Ban yi ƙarya da harshena ba, da wannan na riƙa lallashin kaina, kamar Allah ma'aikacin kotu ne da sai abin da aka furta yake rubutawa.

Suka ɗaura mata ruwa. Na zauna gefen gadon ina jan carbinta, ina kallon ɗigon yana saukowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali har mutum ya gaji da jira. Ƙarfe huɗu ƙafarta ta hagu ta fara zillo ita kaɗai. Ƙarfe huɗu da rabi ta daina sambatun ma. Da aka tsunkule ta, gira kawai ta motsa.

Na same shi a baranda yana duba wasu lambobi a wayarsa.

“Me ya sa ruwan yake tafiya haka? Ba za a ƙara masa gudu ba?”

“Da gangan ne.” Ya cire gilashin ya murza ido. “Kin ga yadda Kaka take yi wa nama idan za ta shanya shi? Ta barbaɗa gishiri, kafin yamma ruwa ya fito, naman ya tsuke. Haka jini mai gishiri yake yi wa ƙwaƙwalwa. Yana zuƙe mata ruwa, ta ƙanƙance a cikin ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyin da ke riƙe da ita su miƙe, wani lokaci su tsage.”

“To ai sai a mayar mata da ruwan da sauri.”

“Nan ne wahalar take. Ƙwaƙwalwa ba nama ba ce, tana da dabara. Idan abin ya zo mata sannu a hankali, kwana biyu ko uku, sai ta riƙa tara wasu sinadarai a cikinta da za su riƙe mata ruwa, ta saba da sabon halin. Wanda ya kai nan, idan aka kwarara masa ruwa da sauri, ƙwaƙwalwar za ta zuƙa fiye da kima ta kumbura, kuma ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Shi ya sa muke saukar da lambar kaɗan-kaɗan, kamar goma a yini.”

“Idan kuma ba sannu a hankali ya zo ba?”

“Idan yau ya faru, cikin 'yan sa'o'i, kamar wanda ya haɗiyi ruwan teku, to ba ta samu lokacin sabawa ba. A tsuke take, ba kariya. Wannan wanke shi ake yi da sauri, duk sa'ar da aka ɓata asara ce.” Ya ɗan yi murmushin gajiya. “Shekara uku ke nan ina bin wannan tambayar, ni da ɓerayen da Kaka ke zagi. Jini yana gaya mana nawa, amma ba ya gaya mana tun yaushe. Muna neman wata alama da za ta nuna mana hakan, ba mu samu ba tukuna. Kafin mu samu, bakin dangi shi ne agogonmu.”

Ya mayar da gilashinsa. “Abin da ya dame ni, ta fi lambarta jin jiki. Ban gane ba.”

Na ce zan je in dawo.

Akwai ɗan ɗakin addu'a a ƙarshen barandar, benci uku da kyandir na lantarki. Na durƙusa. Ban roƙi komai ba, domin na san abin da zan roƙa yana hannuna, ba a sama ba. Goggo ta ce ruwa za su ɗaura ko da me ya kawo ta. Ba haka ba ne. Ruwa iri biyu ne, kuma shiruna ne ya zaɓa wa Kaka wanda ba nata ba. Na tuna kasuwar kifi, na tuna matan da za su yi shiru idan na shigo coci, na tuna fuskarsa. Duk na auna su. Babu wanda ya kai nauyin tsohuwar da ta tashe ni kowace safiya shekara ashirin da ɗaya. Minti biyar ban cika ba na tashi.

Goggo ta hango ni ta tare ni a ƙofar ɗakin. “Ina za ki da wannan fuskar?”

“Matsa, Goggo.”

“Jucilene, ki yi wa kanki faɗa.”

“Na yi. Matsa.”

Yana tsaye da Dakta Marluce a gefen gadon. Na buɗe jakata, na fito da gorar da na juye sauran a ciki, da cokalin, wanda ban ma san na jefa shi a jakar ba sai da hannuna ya taɓa shi. Na ajiye su a kan teburin.

“Zawon yau ya fara da asuba. Jiya lafiyarta ƙalau, ta ci, ta sha, ta yi saƙa. Ƙarfe bakwai da rabi na haɗa mata wannan. Na juya cokalin. Babban baki goma na gishiri a lita ɗaya, ban ɗanɗana ba. Ta sha kofi huɗu kafin sha biyu. Bayan haka an sa mata gishiri a harshe sau biyu.”

Dakta Marluce ta ɗiga ruwan a yatsa ta taɓa a harshe. Ba ta dube ni ba ma. Ta juya tana ba ma'aikatan jinya umarni, a sauya ledar ruwa, a ƙara gudu, a sa bututu ta hanci, a ɗibi jini kowace sa'a, a kai ta hoton kai. Ɗakin ya cika da motsi. A tsakiyar motsin Erivan ya yi mini tambaya ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa.

“Yaushe kika sani?”

“Kafin mu baro gida.”

Ya dubi agogon bango. Biyar saura minti biyar. Na ga yana lissafi, kuma na san amsar kafin ya gama.

Sai da aka fita da gadon ya tsaya kusa da ni, yana gyara takardarsa. Ya soke layin da ya ja, ya rubuta sabon bayani a gefe da ƙananan haruffa.

“Cokali kowa yana iya juya shi,” ya ce. “Na ga ma'aikaciyar jinya ta yi, na ga uwa mai 'ya'ya shida ta yi. Ba cokalin ba ne, Lene. Na zauna a gabanki na tambaye ki. Sa'a biyu da rabi.”

Ban ce Goggo ce ta hana ni ba. Goggo ba ta riƙe mini baki da hannu ba.

Hoton ya nuna jijiya ba ta tsage ba. Dakta Marluce ta ce wannan rahama ce, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce jiki zai iya tashi, sai dai ba wanda ya san abin da zai tashi da shi, ko za ta gane mutane, ko za ta iya magana. Lambar ta riƙa saukowa. Na koyi karanta ta a jikin takardar da ke rataye a ƙafar gado kamar yadda nake karanta sakamakon ɗalibaina: ɗari da sittin da huɗu, ɗari da hamsin da shida, ɗari da arba'in da tara.

Kwana uku Erivan yana shigowa safe da yamma. Ya haska idonta, ya buga gwiwarta da 'yar gudumarsa, ya tambaye ni ko ta motsa, ya rubuta, ya fita. Ladabinsa bai ragu ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi mini zafi. A wayata, saƙonsa na ranar Asabar yana nan a ƙarshe, babu abin da ya biyo bayansa. Goggo ta daina yi mini magana yini ɗaya, washegari ta zo da tuwon rogo da kaza a kwano ta ajiye a gabana ta ce, “Ci, kin zama kamar sandar shara.” A gidanmu haka ake ba da haƙuri.

Ranar Talata da hantsi ina shafa wa Kaka man kwakwa a ƙafa sai na ji yatsun sun janye. Na ɗago. Idanunta a buɗe, suna bin silin, suka sauko kan taga, suka zo kaina suka tsaya. Ban san me ke bayansu ba. Na rasa tambayar da zan yi mata, sai na yi abin da na saba. Na rusuna a gefen gadon.

“Kaka, a sa mini albarka.”

Hannunta na dama ya taso daga kan zanen a hankali, ya sauka a kaina.

“Allah ya yi miki albarka, Malama.” Muryar a shaƙe, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya. “Wa ya bar ki... kika sa rigar leshina... kwana da kwanaki? Duba wuyan.”

Na kifa fuskata a katifar. Da na iya magana na gaya mata komai, cokalin, wayar, sa'a biyu da rabi. Na ce ba ta ji ɗanɗanon ba saboda tsufa, kuma ni ce ya kamata in ji mata.

“Wa ya ce ban ji ba?”

Na ɗago kai.

“Shekara arba'in ina cikin gishiri. Tun kurɓar farko na ji.”

“To me ya sa kika sha, Kaka?”

Ta ɗan rufe ido, ta huta, ta buɗe. “Kin ce shi ya ce. Na ɗauka sabon awo ne na masu bincike. Na ce yaron nan shekara biyu ina tura masa gyaɗa... bari dai sau ɗaya in yi abin da ya ce, kada ki ga na raina shi.” Ta ja numfashi. “Ashe awon malamar makaranta ne.”

Goggo da ke bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafinta, ban san ko dariya take yi ko kuka ba.

Hannun Kaka na hagu har yau bai dawo daidai ba. Sandunan saƙar leshinta suna nan a kan matashinsu, ba ta iya juya su, kuma kowace safiya idan na wuce su na san wanda ya jawo. Amma wannan na gaba ne. A ranar, bayan ta kurɓi ruwa zalla cokali uku, ta ce, “Kira mini shi.”

“Zai zo zagayen yamma.”

“Ban ce zagaye ba. Kira shi.”

Na ɗauko wayar. Na daɗe ina kallon saƙonsa na ƙarshe kafin na rubuta a ƙarƙashinsa: “Kaka ta farka. Ta gane ni. Tana kiranka.”

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sannan amsar ta shigo.

“Na gode wa Allah. A matsayin likita take kirana, ko a matsayin me?”

Na ga ba ni ce ke da ikon bayar da amsar ba. Na karanta wa Kaka. Ta sa aka ɗaga mata matashi, ta sa Goggo ta gyara mata gashi, ta fito da hannunta na dama ta ɗora a saman zanen, tafin yana kallon ƙasa, yadda take yi mana idan za ta sa albarka.

“Ki ce masa,” ta ce, “ya bar farar rigar a waje.”